Wa Ya Yanka Farashin, Kasuwa ko Mai Kaya?

 

Duk shekara, in watan Maris ya kama, bankuna da manyan kamfanoni sukan fara fito da rahoton kuɗinsu. Sai a ji a labarai cewa banki kaza ya ci ribar biliyan kaza, kamfani kaza kadarorinsa sun kai tiriliyan kaza. Mai sauraro ya jinjina kai, ya ce lallai waɗannan sun tara. Amma akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba. Wa ya ce dukiyar ta kai haka? Da wane ma'auni? Kuma a wace rana?

A kan wannan za mu zauna yau. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce, kuma za ku ji ina nanata ta har mu rabu. Duk lambar da aka rubuta a gaban kadara ko bashi, farashi ne da wani ya yanka. Kafin ka yarda da ita, ka tambaya: kasuwa ce ta yanka, ko mai kaya?

To, mu fara da sanin abin da ake aunawa.

Kamfani yana da gine-gine da injuna da motoci. Waɗannan mu ajiye su gefe. Zancenmu a kan dukiyar takarda yake. Akwai hannun jarin da kamfani ya saya a wasu kamfanoni. Akwai takardun lamunin gwamnati, da sukuk. Akwai bashin da yake bin mutane. Akwai yarjejeniyar sayen dala nan da wata shida a kan farashin da aka tsayar yau. A ɗaya ɓangaren kuma akwai abin da ake bin sa: rancen banki, da takardun lamunin da shi kansa ya sayar wa jama'a, da kuɗin ajiyar mutane idan banki ne.

Yawancin waɗannan alkawura ne a rubuce. Wani ya ce zai biya wani, ranar kaza, kuɗi kaza. Shi kuwa alkawari darajarsa tana hawa da sauka alhali yana kulle a cikin sef, ba wanda ya taɓa shi. Mai biya ya yi ƙarfi, ta hau. Ya yi rauni, ta sauka. Kuɗin ruwa ya motsa a kasuwa, ita ma ta motsa.

Akanta yana da hanya biyu ta rubuta irin wannan dukiya. Ko ya rubuta kuɗin da aka saye ta, ko ya rubuta abin da za ta yi a yau. Ta farko tana da rasit, ba gardama a kanta, sai dai tsohon labari take bayarwa. Ta biyu labarin yau take bayarwa, amma tana buƙatar shaida. Wannan ta biyun ita ake kira ƙimar gaskiya.

Kada wani ya ɗauka baƙon tunani ne. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau da ke fitar da zakka ya san shi sarai. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi bayanin ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, wanda suke kira mudiri. Idan shekara ta zagayo masa, zai yi wa kayan shagonsa kuɗi da farashin ranar, ya manta da yadda ya saro su. Bashin da yake bin mutane ma an raba shi. Wanda lokacinsa ya yi, kuma ana sa ran biya, a ƙirga shi yadda yake. Wanda lokacinsa bai yi ba, a ƙimanta abin da ya kai a yau. Wanda aka fid da rai da shi kuwa, ba a lissafa shi sai ya shigo hannu. Ashe tun tuni an san cewa naira dubu a hannu da naira dubu a bakin wani ba ɗaya ba ne. Akantocin zamani a kan wannan turba suke, sai dai nasu ya fi yawan takardu.

Yanzu mu duba yadda doka ta tsara abin.

Akwai wata hukuma a Landan mai tsara ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya. A watan Mayun 2011 ta fitar da ƙa'ida mai suna IFRS 13, wadda ta fara aiki a farkon 2013. Najeriya ta rungumi waɗannan ƙa'idoji tun 2012 ga kamfanonin da ke kasuwar hannun jari. Ghana ta riga ta, tun 2007. Abin da ƙa'idar ta ce a taƙaice shi ne: ƙimar gaskiya ita ce kuɗin da za a ba ka idan ka sayar da kadara, ko kuɗin da za ka biya wani ya ɗauke maka bashi, a ciniki na natsuwa, tsakanin masu kasuwa, a ranar awo.

Mu warware wannan a hankali, domin kowace gaɓa da aikinta.

An ce kuɗin da za a ba ka. Wato farashin sayarwa ake nufi. Abin da ka biya bara ya wuce. Abin da kake fatan samu baɗi bai zo ba.

An ce ciniki na natsuwa. Wanda masu bin bashi suka tsare ƙofarsa, ya karyar da kaya kafin magariba, farashinsa ba ya zama ma'auni. Gwanjon dole daban, ciniki daban.

An ce tsakanin masu kasuwa. Wato mutanen da suka san kaya, suke da kuɗin saye, kuma ba su da dangantaka da mai sayarwa. Idan kamfani ya sayar wa ƙanensa takarda da tsada, wannan ciniki ne na cikin gida. Niyyar mai kaya ma ba ta shiga lissafi. Ko ya rantse ba zai sayar ba har abada, abin da kasuwa za ta taya shi ne ƙima.

An ce a ranar awo. Ga yawancin kamfanoninmu ranar ita ce 31 ga Disamba. Farashin 2 ga Janairu labarin wata shekara ne.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ba kowace takarda ke da kasuwa ba. Wata ana cinikinta kowane minti. Wata sai a shekara ba wanda ya taya. Saboda haka ƙa'idar ta kasa shaidar farashi hawa uku.

Hawa na ɗaya shi ne mafi ƙarfi. Takardar da kake riƙe da ita, irinta sak ana cinikinta kullum a kasuwa mai ci. Misali hannun jarin babban kamfani a kasuwar Legas. Akanta zai duba farashin rufe kasuwa, ya ninka da yawan hannun jarin, shi ke nan. Ba shi da ta cewa. Kasuwa ce ta yanka.

Hawa na biyu, irinta sak ba ta ciniki, amma akwai makamanciyarta. Ko kuma akwai alƙaluman da kowa ke gani, kamar kuɗin ruwan takardun gwamnati da farashin dala. Da su za a yi ƙiyasi. A nan kasuwa ta yi rabin magana, akanta ya ƙarasa.

Hawa na uku, ba kasuwa, ba makamanciya. Kamfani ya sayi kaso a wani kamfanin da ba ya kasuwar hannun jari. Nawa ya kai? Sai a zauna a gaban kwamfuta. A yi hasashen ribar shekara biyar ko goma masu zuwa. A zaɓi adadin da za a rage saboda jira da haɗari. A fitar da lamba. Wa ya yi hasashen? Ma'aikatan kamfanin, ko ƙwararrun da kamfanin ya biya. A nan mai kaya ne ya yanka. Doka ta halatta hakan, domin ba wata hanya. Amma ta ɗora sharaɗi: sai an bayyana hasashen da aka yi, an kuma faɗi yadda lambar za ta canza idan hasashen ya kuskure.

Kun ji tambayarmu ta dawo. Kasuwa ce ta yanka, ko mai kaya? Hawa ukun nan amsarta suke bayarwa.

Bari mu ɗauki takarda ɗaya mu juya ta, mu ga yadda ƙima ke motsi.

A ce kamfani ya sayi takardar lamunin gwamnati ta naira 100,000. Tana biyan naira 10,000 duk shekara, kuma saura shekara goma a mayar da uwar kuɗi. Ana nan sai kuɗin ruwa ya tashi a kasuwa. Sababbin takardu irinta suka koma biyan naira 20,000 a shekara. Yanzu wa zai sayi tsohuwar a kan 100,000, alhali ga sabuwa mai biyan ninki? Babu. Sai an karya masa farashi. Idan aka buga lissafi, ba za ta kai naira 60,000 ba. Gwamnati ba ta fasa biya ba. Takardar ba ta yage ba. Amma sama da kashi 40 cikin 100 na darajarta ya tafi. Da a ce saura shekara ɗaya ne kawai, da za ta yi kusan naira 92,000. Tsawon jira shi ke ƙara zurfin faɗuwa.

Wannan ba zancen allo ba ne kawai. A farkon 2022 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya yana kashi 11.5. Kafin ƙarshen 2024 ya kai 27.5. Duk mai riƙe da tsohuwar takarda mai dogon zango ya ji a jikinsa. Mai sukuk ma bai tsira ba. Kuɗin hayar da ake biyan sa a tsaye yake, mai saye kuma yana kwatanta shi da abin da sabon sukuk ke bayarwa.

A nan dokar ta bar wata ƙofa. Idan kamfani ya ce zai riƙe takardar har ƙarshen wa'adinta, yana karɓar abin da take biya, an yarda ya rubuta ta a kan kuɗin saye. Ƙimar kasuwa sai a saka ta can cikin ƙarin bayani, a shafukan baya. Akwai hikima a ciki. Wanda zai jira shekara goma, kuɗinsa zai dawo cif. Amma idan aka tilasta masa sayarwa kafin nan fa?

Ku saurari abin da ya faru a Amurka. An yi wani banki a jihar Kalifoniya mai suna Silicon Valley Bank. Lokacin da kuɗin ruwa yake kusan sifili, ya zuba ajiyar mutane a takardu masu dogon zango. Daga watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya shiga ɗaga kuɗin ruwa ba ƙaƙƙautawa. A ƙarshen shekarar, takardun da bankin ya rubuta a kan dala biliyan 91, a kasuwa kimanin biliyan 76 suke yi. Giɓin ya kusa cinye duk jarin masu bankin. Kuma ba a ɓoye yake ba. Yana nan a rubuce cikin rahoton shekara, a inda mutane ba su cika karantawa ba. Da bankin ya sayar da wasu takardunsa da asara don ya sami tsabar kuɗi, sai ido ya buɗe. A yini ɗaya masu ajiya suka nemi janye dala biliyan 42. Washegari, 10 ga Maris 2023, hukuma ta rufe shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Darasin a nan shi ne, idan kasuwa ta yi magana, rufe kunne ba ya soke maganar.

Yanzu mu juya ɗaya gefen, inda kasuwa ta yi shiru, mai kaya ya cika fili.

A birnin Houston an yi wani katafaren kamfanin makamashi mai suna Enron. Tun farkon shekarun 1990 ya sami izinin rubuta yarjejeniyoyinsa na iskar gas da ƙimar ranar. Daga nan ya faɗaɗa abin zuwa harkokin da ba su da wata kasuwa. Za a sa hannu a yarjejeniya ta shekara ashirin, a yi hasashen ribar da za ta kawo, a rubuta ta a matsayin ribar bana. A 2000 ya ƙulla irin wannan da kamfanin Blockbuster, don aika wa mutane finafinai gida ta waya. Harkar ba ta je ko'ina ba, aka warware ta cikin 'yan watanni. Duk da haka Enron ya rubuta ribar sama da dala miliyan 100 a kanta. A watan Disambar 2001 kamfanin ya durƙushe. Dubban ma'aikata suka rasa aiki, da yawa suka rasa tanadin tsufansu. Kamfanin binciken kuɗin da ke sa masa hannu, Arthur Andersen, shi ma ya bi shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ku lura da kyau. Bankin Kalifoniya ya faɗi ne domin ya jingina da tsohon farashi alhali kasuwa tana ihu. Enron ya faɗi ne domin ya ƙirƙiri sabon farashi alhali babu kasuwa. Hanya biyu, rami ɗaya. A duka biyun lambar mai kaya ce aka ɗora a gaba.

To, mu zo kan bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kamfani ma haka. Kuma awon bashi yana da wani abin mamaki.

A ce kamfani ya sayar wa jama'a takardun lamuni na naira biliyan 100. Sai harkarsa ta fara tangal-tangal. Masu riƙe da takardun suka tsorata, suka fara sayarwa a kan naira 60 duk naira 100. Idan an bi ƙimar kasuwa, bashin ya koma biliyan 60. Ragowar biliyan 40 fa? A lissafi, bashi ya ragu, an ci riba. Kun ji? Kamfani yana ciwo, littafinsa yana nuna ƙiba. Iya tsananin ciwon, iya girman ribar.

Wannan ya faru a zahiri. A 2011, lokacin da ake ɗar-ɗar da manyan bankunan Amurka da Turai, wasunsu sun bayyana ribar biliyoyin daloli daga faɗuwar darajar bashinsu. Masu tsara doka suka ga abin ya zama abin dariya. A ƙa'idar IFRS 9, wadda ta fara aiki a 2018, an cire irin wannan riba daga lissafin ribar shekara. An kai ta wani sashe daban, inda ba za a yi tutiya da ita ba.

Akwai kuma wata ƙa'ida da za ta kwantar wa mai ajiya hankali. Kuɗin da ka ajiye a banki, wanda kake iya cira duk sanda ka so, ba a yarda banki ya ƙimanta shi ƙasa da abin da zai biya ka ba. Dubu ɗari ɗinka dubu ɗari ce a littafinsa, ko da ya san ba za ka zo gobe ba.

A nan ya kamata mu yi wa masu suka adalci, domin suna da hujja.

Suna cewa kasuwa ma tana hauka. A watan Satumbar 2008, da bankin Lehman Brothers ya rushe, masu saye suka gudu. Takardun da jiya ake rububinsu, yau ba mai tayawa. Banki ya rubuta asara saboda farashi ya faɗi. Asarar ta ci jarinsa. Don ya cike giɓi, ya sayar da wasu takardun. Sayarwar ta ƙara karya farashi. Maƙwabcinsa shi ma ya rubuta asara. Haka abin ya yi ta zagayawa. 'Yan siyasa suka matsa lamba, har aka sassauta ƙa'idojin a Turai a watan Oktoban 2008, a Amurka kuma a Afrilun 2009.

Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ma aka jaddada sharaɗin ciniki na natsuwa. Amma hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta yi nazari a ƙarshen 2008, ta gano cewa abin da ya kayar da bankunan shi ne rancen da ba ya biyuwa, da gushewar amincewar jama'a. An ba da bashin gidaje ga waɗanda ba su da halin biya. Ma'auni ya tarar da ɓarnar ne a kwance, ya faɗe ta. Ni ra'ayina, farashin kasuwa mai gigita ya fi farashin ofis mai lallashi. Na kasuwa kowa yana ganinsa, kowa yana iya ƙalubalantarsa. Na ofis sai wanda ya rubuta.

Yanzu mu dawo gida.

Masu shekaru a cikinmu suna tuna rububin hannun jari na 2007. Bankuna suna ba mutane rance su sayi hannun jari, hannun jarin kuma shi ne jingina. Daga watan Maris na 2008 kasuwa ta fara zubewa. Jingina ta narke, masu rance suka kasa biya. Amma a littattafan wasu bankunan rancen yana nan lafiya lau. Sai da Babban Banki ya tura masu bincike suka buɗe littattafan. A ranar 14 ga Agustan 2009, gwamnan bankin na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar. Kuɗin da aka zuba don ceto bankunan da abin ya shafa ya kai naira biliyan 620. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta saye rubabbun basussukan. Talakawa da yawa da suka sayi hannun jarin waɗannan bankuna da kuɗin gumi sun tashi da takarda kawai. Da an rubuta wa jinginar nan farashin ranarta tun da wuri, da wasu sun tsira da wani abu.

Ga kuma na baya-bayan nan. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma ke lissafawa a kan naira 460 da 'yan kai, kafin watan ya ƙare ta haura 750. Ƙa'idar canjin kuɗi daban take da ta ƙimar gaskiya, amma uwarsu ɗaya: a auna da farashin ranar rufe littafi. Kamfanonin da ake bin su dala suka wayi gari bashinsu ya kumbura, ba tare da sun ranci ko sisi ba. MTN Najeriya, duk da cinikin da yake yi, ya rufe 2023 da asarar naira biliyan 137. Bankunan da ke riƙe da dala kuwa suka bayyana riba mai ban tsoro. A watan Satumbar shekarar Babban Banki ya hana su raba wannan riba ga masu hannun jari, ko kashe ta a hidimar yau da kullum. Me ya sa? Domin riba ce ta awo. Ba ta shiga aljihu ba tukuna, kuma farashin da ya kawo ta yana iya komawa da ita.

Wani zai ce, Malam, ni ba ni da hannun jari, ina ruwana? Da ruwanka, ɗan'uwa. Idan kai ma'aikaci ne mai asusun fansho, fiye da rabin kuɗin fanshon ƙasar nan yana cikin takardun gwamnatin tarayya. Lambar da ake turo maka a waya, daga irin wannan awo ta fito. Idan kina da ajiya a banki, Hajiya, lafiyar bankin a kan wannan awo take. 'Yan'uwanmu na Ghana sun gani da idonsu. A Disambar 2022 gwamnatinsu ta nemi masu riƙe da takardun lamuninta su karɓi sababbi masu ƙarancin biya da tsawon wa'adi. Uwar kuɗin da ke rubuce ba ta canza ba, amma darajar ta zube, bankuna da dama suka rufe shekarar da asara.

To, me mai sauraro zai yi da duk wannan?

Idan rahoton shekara ya zo hannunka, kada ka tsaya a shafin da shugaban kamfani ke murmushi. Wuce can baya, wurin ƙarin bayani. Nemi jadawalin hawa uku. Duba nawa ne ke hawa na ɗaya, nawa ke hawa na uku. Idan na ukun ya yi kusa da jarin masu kamfanin, ko ya fi shi, to ka san rabin ginin a kan hasashe yake tsaye. Sannan ka nemi inda aka jera kuɗin saye da ƙimar kasuwa kafaɗa da kafaɗa. Idan tazarar tana da faɗi, ka tambayi kanka ko kamfanin yana da ƙarfin jira. Ka karanta rahoton masu binciken kuɗi, domin sukan ambaci wuraren da suka fi ba su wahala. Daga ƙarshe ka raba riba gida biyu: wadda aka karɓa, da wadda aka auna.

Idan karatun ya yi maka nauyi, ba abin kunya ba ne. Nemi ɗa ko ƙane da ya karanci akanta, ku zauna tare. Idan kana da hannun jari ko guda ɗari ne, kana da damar halartar taron shekara, ka ɗaga hannu ka yi tambaya.

Ku kuma akantoci da masu binciken kuɗi da ke saurarenmu, amana ce a wuyanku. Alƙalaminku yana iya tsirar da tanadin marayu, yana iya cinye shi. Inda kasuwa ta yi magana, ku rubuta abin da ta ce, ko da ɗaci. Inda ta yi shiru, ku faɗa wa jama'a cewa ƙiyasi ne, ku nuna yadda kuka yi shi.

Jama'a masu sauraro, gobe ko jibi za ku sake jin an ce kamfani kaza ya ci riba kaza. Ku taya shi murna. Amma kafin ku sa kuɗinku, ku yi tambayar nan: kasuwa ce ta yanka, ko mai kaya? Ku koya wa 'ya'yanku ita, ku kai ta taron ƙungiyarku ta adashi da ta gama kai. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mana halaliyarmu.